Yadda Yayana Ya Zama Bahago

Duk wanda ya yi aji shida a makarantarmu zai iya rantse maka cewa yayana bahago ne. Malam Bahago yara ke ce masa, iyayensu ma haka, har mai gadi. To ni uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a kwano ɗaya muka ci abinci, kuma ina gaya muku da dama ya tashi kamar kowa. Ni na mayar da shi bahago, yana da shekara arba'in da wani abu, da gemunsa da 'ya'yansa.

Ni ma malama ce, aji huɗu ke hannuna. Ajina da nasa asali ɗaki ɗaya ne dogo, aka raba shi biyu da katako. Akwai wata 'yar huda a katakon nan daidai inda teburina yake. Ba ni na huda ba, amma ban taɓa neman a toshe ta ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa, ko dai na ji da kunnena ko na gani ta hudar nan.

Tun Yaya yana ƙarami zane ne ciwonsa. Gawayi, guntun bulo, tsinken ashana da ya ƙone, duk abin da ke barin alama nasa ne. Bangon ɗakin Inna ya sha wahala, shi ma ya sha duka, amma ko a jikinsa. Burinsa ya zama mai zanen allunan shaguna, irin masu zana kawunan mutane a ƙofar mai aski. Baba ya ce bai haifi ɗan da zai ƙare rayuwa a kan tsani da gwangwanin fenti ba, ya tura shi makarantar horon malamai. Yaya ya tafi yana kumbure-kumbure. Ranar da ya fara aiki ya shiga aji ya ga baƙin allo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga alli kwali guda, sai fushin ya wuce. Ya dawo gida yana ce wa Inna, "An ba ni bango, kuma ba mai dukana."

Lissafi aka ba shi. Wanda bai taɓa koyar da yara ba, ba zai san azabar da ke cikin tambayar lissafi mai labari ba. Ka ce wa yaro bakwai sau takwas, zai ba ka amsa kafin ka rufe baki. Amma ka ce masa wata mata tana da kwando bakwai, kowanne da mangwaro takwas, shi ke nan ka gama da shi. Labarin ma ba ya karantawa. Idonsa na tsalle daga layi zuwa layi yana tsince lambobi kamar kaza ta samu tsaba, ya tara su wuri ɗaya, ya miƙo maka yana washe baki.

Yaya ya ƙi yarda da wannan. A ajinsa, in an karanta tambaya sau biyu sai kowa ya kife littafinsa. "Ba ni labari," zai ce wa wanda ya nuna. "Wa ke ciki, me ya same shi, me ake so mu gano?" In yaro ya kuskura ya ambaci lamba, sai Yaya ya toshe kunnuwansa da yatsu ya ce bai ji ba. In lambobin sun yi wa yara girma, sai ya ce a cire ɗari uku da arba'in da takwas a sa uku kawai, a ga abin da hannu zai yi, sannan a mayar da babbar. In labari ya faɗi ƙarshe ya ɓoye farko, sai ya ce a dawo da baya, kuma da ƙafarsa yake nunawa, yana tafiya da baya tsakanin bencuna har ya yi karo da bokitin ruwa. Bokitin nan ya sha karo. In an samu amsa kuma ba a murna tukuna, sai an mayar da ita cikin labarin an ga ko ta zauna.

Duk waɗannan dabaru ne masu kyau, ni kaina na saci rabinsu ta hudar katako. Amma wadda ya fi ƙauna ita ce ta ƙarshe: a zana labarin. Nan fa gizo ke saƙar, kamar yadda za ku gani.

Ga misali. Wani mutum yana da kaji da awaki, kai goma, ƙafa ashirin da takwas, awaki nawa ne? Yaya zai naɗe hannun riga ya fuskanci allo. Akuyar farko za ta fito da kunnuwanta da gemunta da jelar nan a ɗage. Ta biyu tana da ciki. Ta uku ta juyo tana hararar ta biyu. Kazar kuwa har gashin wuyanta sai ka ƙirga. Ajin zai yi tsit, yara baki buɗe, nawa 'yan aji huɗu suna ture juna a kan hudata sai na kore su da tsumman goge allo. Kuma tsakani da Allah suna ganewa. Yaron da ya ga akuyar nan ba zai ƙara mance cewa ƙafarta huɗu ba. Sai dai kafin a kai ga akuya ta huɗu an buga ƙararrawa. Tambaya ɗaya ake yi a rana, wani lokaci ma a ƙarasa ta gobe.

Na sha gaya masa a hanyar gida. "Yaya, kai malamin lissafi ne ko makiyayi?"

"Ke kuma wa ya sa da ke, Auta? Ke da kika zana kyanwa Inna ta ce wa ya kife buta."

Gaskiyarsa ce, ban iya zane ba. Tun muna yara yake mini gorin butar nan, sai in ja bakina in yi shiru ina cin rai.

A shekarar da nake ba ku labari aka kawo mana sabuwar shugabar makaranta. Gajeruwar mata ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta ɗaga murya, shi ya sa kowa ke tsoronta. Ta ce kafin 'yan aji shida su shiga babbar jarrabawar fita, za a yi musu ta gwaji, tambaya ashirin, yawancinsu masu labari. Yaya ya ce a kawo, yaransa ba sa tsoron labari.

Ba su ji tsoro ba kam. Sun karanta, sun kife takarda, sun ba kansu labari, sannan suka feƙe fensir suka duƙufa. Da aka karɓi takardun, sai ka ce garke aka tattaro. Akwai wanda ya kai tambaya ta uku, shi ne gwarzo. Akwai wata yarinya, 'Yar Kafinta muke ce mata don babanta ne ke gyara mana bencuna, wadda ta fi kowa kaifin kai a ajin. Ita akuya ɗaya tal ta zana, ta cika shafi, har da inuwa a ƙarƙashinta.

Bayan an tashi Shugaba ta shigo ajin Yaya da takardar a hannu. Ni ina maƙale da hudata.

"Malam, akuyar nan ta yi kyau," ta ce. "Maki nawa kake ganin zan ba ta?"

Yaya ya dinga murza alli.

"Yaran nan sun fahimci tambayoyin, na gani. Amma masu duba babbar jarrabawa ba sa ba gemu maki. Zan sake yi musu gwaji kafin ƙarshen zango, ni da kaina zan tsare su. In aka maimaita wannan, mai kula da sito zai yi ritaya, sai ka karɓi makulli in ba wani ajin."

Ku san siton nan. Wani ɗan ɗaki ne a bayan ofis, ba taga, cike da karyayyun kujeru da kwalayen tsofaffin littattafai da ɓeraye suka gama karantawa. Ba allo, ba yara. A ba Yaya makullinsa daidai yake da a binne shi da rai, kuma duk wanda ya san shi ya san haka.

Washegari ya shigo aji fuska a murtuke ya ce daga yau an hana zane. Wanda ya zana ko da kunne ne zai share filin makaranta. Yara suka dubi juna. Cikin 'yan kwanaki suka koma gidan jiya. Na ji shi ta katako yana tambayar wani yaro.

"Kai goma ne a garken gaba ɗaya. Ina ka samo akuya talatin da takwas?"

"Tarawa na yi, Malam."

Abin ya ci shi ƙwarai. Ya daina tsokanata a hanya, abin da tun da aka haife ni bai taɓa fasawa ba. Matarsa ta aiko a tambaye ni ko wani abu aka yi masa a makaranta, don abinci ma sai ya jagwalgwala ya ture. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba, don mu a gidanmu in ka nuna wa mutum tausayi sai ya ɗauka zagi ne.

Wata rana ina koya wa 'yan ajina rabawa. Mangwaro goma sha biyu, yara uku. Na zana ƙwai uku a allo na ce ga yaran, na dinga diga musu ɗigo ɗaya-ɗaya har mangwaron ya ƙare. Da na ba su aiki na zauna, sai na ce bari in leƙa in ga halin da mutumina ke ciki. Ina sa ido a hudar sai na ga wani ido yana kallona. Saura kaɗan in faɗo daga kujera.

Bayan an tashi sai ga shi a ƙofar ajina, yana sosa ƙeya.

"Auta."

"Na'am, Malam."

"Zanen nan naki nake so ki koya min."

"Wane zane? Ai ni ban iya zane ba. Buta kawai na iya."

"Mummunan. Shi nake so."

Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ce ban ji ba, ya maimaita. Ya maimaita. Sannan na miƙa masa alli na ce ya zana min akuya kafin in ƙirga uku.

Ya zana da'ira, amma irin wadda kamar da bakin kofi aka yi ta, kuma kafin in ce uku kunne ya tsiro. Na kai wa hannun duka da tsumma. Ya goge ya sake, wannan karon ba kunne, sai ga jela ta leƙo ta baya. Ya sake, aka samu kofato. Mutum ya yi gumi sharkaf a kan ƙwai ɗaya.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Hannun ne ke yi da kansa."

Ni kuma ga yunwa, ga yara na jira a gida, raina ya ɓaci. Na fizge allin daga damansa na cusa masa a hagu na ce to wannan ya yi, tunda wancan ba ya jin magana. Ya ɗaga hagun kamar na aro, ya ja layi yana karkarwa. Wani abu ya fito mai kama da dankalin da aka taka. Na sa ya soka masa tsinke huɗu.

"Yauwa," na ce. "Ga akuya."

Ya daɗe yana kallonta. Na zaci kuka zai yi. Sai ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ke," ya sa allin a aljihu ya fita.

A gida ya dinga gwadawa a bayan tsohuwar kalanda. Inna ta gan shi ta ce, "Hagu kuma, da girmanka? Ko wani abu ya taɓa ka ne?" Ya ce aiki ne. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin aikin da ake biyan mutum don ya lalata abin da ya iya ba.

Da ya shiga aji ya ce an dawo da zane, yara suka yi ta murna. Ya riƙe alli da hagu ya jera ƙwai goma a karkace, murna ta koma dariya. Bai kula ba.

"Ga kai goma. Akwai mai ƙafa ƙasa da biyu a garken nan?"

"Babu."

"To a ba kowa biyu." Ya soka wa kowane ƙwai tsinke biyu. "Nawa muka kashe?"

"Ashirin."

"Saura nawa a hannunmu?"

"Takwas."

"A ƙara wa masu rabo biyu-biyu har su ƙare."

Ƙwai huɗu suka samu ƙari. Awaki huɗu, kaji shida, kuma ko rabin allo ba a ci ba. A ranar suka yi tambaya biyar kafin ƙararrawa. Ya nuna musu yadda ake zana dogon akwati a yanka shi biyu in labari ya ce rabi, a yanka uku in ya ce sulusi. Mutum tsinke ne, mota akwati ce, rijiya ma akwati ce amma a tsaye.

'Yar Kafinta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu, idonta ya ciko.

"Malam, wannan ba akuya ba ce."

"Ƙafarta nawa?"

"Huɗu."

"Tambayar ta nemi gemu?"

"A'a."

"Ta nemi jela?"

"A'a."

"To duk abin da tambaya ba ta nema ba, a bar wa akuya kayanta."

Ta ce ita hannunta ba ya yarda ya yi mummuna. Yaya ya dube ta, na san ya ga kansa. Bai taɓa ce wa ko yaro ɗaya ya canja hannu ba, wannan ni shaida ce.

Sau ɗaya ya yi sake. Wata Juma'a yara sun yi ƙoƙari, sai ya ce bari ya saka musu, ya zana musu zakara da hannun dama a gefen allo, da zankonsa da komai. Ranar Litinin duk ƙwayayen ajin sun tsiro baki da zanko, aka koma tambaya biyu a rana. A hanyar gida ya ce min, "Yaran nan ba bakina suke bi ba, hannuna suke bi." Daga ranar damansa bai ƙara zana komai a allon makaranta ba, sai rubutu.

Ranar gwaji na biyu Shugaba ta kore shi daga ajin, ya dawo nawa. Na ba 'yan aji huɗu aikin da zai ishe su har gobe, ni da Yaya muka hau rigima a kan huda. Manya biyu, da furfura ta fara leƙo mana, muna ture juna da kafaɗa. Ya ce ajinsa ne, na ce hudata ce.

Ni ke kan hudar lokacin da aka ce a fara. Yara suka karanta, sai ji kake fap fap, kowa ya kife takarda, leɓuna na motsi. Shugaba ta ɗaga gira. Suka buɗe takardun. Sai kawai na ga ajin nan gaba ɗaya, daga bencin gaba har na baya, kowa ya ɗauke fensir daga dama ya mayar hagu. Suka yi 'yan ƙwayayensu da tsinkayensu, suka mayar da fensir dama suka rubuta amsa, suka wuce ta gaba. Wani yaro a can baya har yana jan jikinsa da baya a kan benci, na san ya iso tambayar da aka ɓoye farkonta.

Shugaba ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta bi layi a hankali har ta tsaya kan 'Yar Kafinta.

"Me ya samu hannunki na dama?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ya cika iyayi ne, Malama."

Na janye daga hudar na ce wa Yaya zo ka ga abin da ka haifa. Ya sa ido, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya je bakin taga ya tsaya yana kallon fili.

Ba duka suka ci ba, kada in yi muku ƙarya. Mai akuya talatin da takwas ya samu rabi da ƙyar. Amma yawancinsu sun kai ƙarshen takarda, 'Yar Kafinta kuwa ɗaya kawai ta faɗi. Shugaba ta kawo takardun da kanta ta ajiye masa a tebur.

"Na ba wani makullin sito," ta ce. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Amma zanen ɗalibanka ya lalace, Malam."

"Na gode, ranki ya daɗe," in ji Yaya.

Haka ya riƙe ajinsa har ya tsufa a ciki. Waɗanda suka san akuya mai ciki suka gama suka tafi, aka kawo waɗanda ba su san komai ba sai ƙwai da tsinke. Su suka sa masa Malam Bahago. 'Yar Kafinta yanzu taswirar gidaje take zanawa a wani ofis, da damanta, kuma duk sanda ta zo gari sai ta biyo ta gaishe shi. Sababbin yaran kuwa, sau nawa ina wucewa a fili in ji suna kwaikwayonsa, suna cewa Malam ya iya lissafi amma ko ƙwai bai iya zanawa ba. Nakan ji kamar in kama kunnen yaro in murɗe. Na gaya wa Yaya, ya ce in rabu da su, ai gara su raina zanen su gama takarda. A gida yakan yi zanensa da hannun dama a bayan kalandu, matarsa ta shimfiɗe kantar kwanuka da su.

Bara ya yi ritaya. Ranar ƙarshe, darasin ƙarshe, na bar nawa yaran suna kwafar rubutu na koma hudata, ga gwiwa na ciwo amma na durƙusa. Ya ba su ta kaji da awaki, suka gama ta kafin ya juyo. Lokaci ya rage. Ya tsaya yana jujjuya alli a hagu, can sai na ga ya mayar da shi dama.

Ya fara da kunne. Hannun ya tsufa amma bai mance komai ba. Wuya ya fito, gemu ya fito, cikin nan ya sauko, jela ta ɗage. Har hararar nan ya sa mata. Ajin ya yi tsit irin shirun da na daɗe ban ji ta katakon nan ba. Ni dai hawaye ya hana ni gani sosai, don ni na cusa masa allin a hagu, kuma sai a ranar na san girman abin da ya ajiye don a bar shi da yaran nan.

Wata 'yar ƙarama a bencin gaba ce ta fara magana.

"Malam, ashe ka iya zane?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To me ya sa ba ka taɓa yi mana ba?"

Ya ɗan waiwayo wajen hudar, don ya san ina nan.

"Tambayar ba ta nema ba," ya ce.

Aka buga ƙararrawa. Ya ajiye allin a bakin allo, ya kakkaɓe hannuwansa, ya ce wanda ke da aikin goge allo yau ya tashi. Ba wanda ya tashi.